Haƙorin Munawwara

Karaye.
Zuwa ga Yayana Malam Falalu, Ruwan Bago.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ɗalibai. Ya cirar gyaɗa? An ce bana taku ta yi 'ya'ya, Allah ya sa albarka. A dai tuna da mai matsar mai a Karaye.

Na ba Sulle ɗan acaba wannan takarda ne don na san in na kira ka a waya, rabin maganar iska za ta kwashe, rabin kuma ka ce kunnenka bai kawo maka ba.

Maganar jikarka ce, Munawwara. Tun da ɗanka Mansur ya kawo ta daga Iran bayan rasuwar uwarta, ka ce ni zan riƙe ta, shi kuma ya koma ƙarasa karatunsa na ban ruwa, yarinyar nan ba ta ce mini uffan ba. Ba ni kaɗai ba, ko akuyar gidan nan ba ta kula ba. Na bi dokarka sau da ƙafa: uban bai kira ba, muryarsa ba ta shigo gidan nan ba, Hausa zalla muke yi mata. Ita kuwa sai ido. Shekararta huɗu, Yaya, amma in ta kafe ka da kallo sai ka rasa inda za ka sa kanka.

Da farko tana cin shinkafa in an dafa fara. Yanzu ko ita sai ta tura gefe guda na baki, ta tauna kaɗan, ta ture kwanon. Kuncinta na hagu ya kumbura. Duk wanda ya shigo ganin 'yar Farisa sai ya miƙa mata alawa ko dabino ko rake don ta saki jiki, to ga inda zaƙin ya kai mu. Haƙori ne, ko makaho ya shafa ya san haƙori ne. Amma ta ƙi buɗe baki a gani.

Akwai wani ɗan burushi ja da ta zo da shi. Da shi take kwana, da shi take tashi, amma ban taɓa ganin ta kai shi baki ba. Na sa masa makilin na miƙa mata, ta goge makilin ɗin a zanina, ta mayar da burushin cikin riga. Na gwada riƙe ta da ƙarfi, ta datse haƙora har na ji tsoron kar ta ciji harshenta, na saki.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ka yarda uban ya kira sau ɗaya tak, ya ce mata ta buɗe baki da yaren da take ji. Daga nan a ci gaba da dokarka, ba zan sake tayar da maganar ba.

A gaida mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara girma.

Ƙanwarka,
Laure.

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.
Daga Falalu, Ruwan Bago, zuwa ga ƙanwata Laure.

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan haka, takardarki ta iso, na karanta, na fahimta. Gyaɗa alhamdu lillahi, rabonki yana nan.

Amma batun kira, a'a.

Laure, ke ma kin yaye yara, naki da na mutane. Yaro in an kawo shi yaye, kwanakin farko kuka ne da ƙin abinci. In kakarsa ta ji tausayi ta mayar da shi ga nono ko sau ɗaya, aiki ya koma baya, sai an sake sabon kuka. Yaren nan shi ne nonon da ya rage wa yarinyar. A nan za ta zauna, a nan za ta yi karatu, a nan za ta yi aure in Allah ya raya ta, kuma daga nan har Kano ban san mai jin Farisanci ba. Tausayin gaske shi ne a yanke lokaci guda. Na faɗi haka a gaban ɗanki Mansur, ya karɓa.

Haƙori kuwa, ga kanumfari na aiko, a jiƙa a ɗiga mata. Ga asuwaki ɗanye na sa an saro. Ki riƙa yi a gabanta, yaro da gani yake koyo. Ni da na haura saba'in ba ni da giɓi ko ɗaya, ban kuma taɓa sa roba a bakina ba. Ga rubutu a gora, a ba ta safe da yamma. A hana ta zaƙi. Ke ma ki rage goro.

Ki ce wa amaryata angonta yana gaishe ta, kuma ba ya son amarya mai kumburin kunci.

Ki yi haƙuri. Tun kina yarinya gaggawa ce aibinki.

Wassalam.

*

Karaye.
Zuwa ga ɗana Mansur.

Salamu alaikum. Ya karatu, ya sanyin Isfahan, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan matarka Nasrin, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari.

Babanka ya hana muryarka shiga gidan nan. Bai ce komai a kan takarda ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Shi ya sa na rubuta, na ɗauki hotonta a waya na turo maka. Kai ma da rubutu za ka amsa. Kar ka turo murya, don in an tambaye ni in iya rantsuwa.

'Yarka haƙori ya kama ta. Kunci ya kumbura, ta rage ci, ta ƙi buɗe baki. Na kai ta wajen Radiya, wadda na koyar a aji ɗaya, yanzu ma'aikaciyar lafiya ce a nan. Ta ba da magani na ruwa, ina zuba mata a kunu tana sha, kumburin ya ɗan sauka. Amma Radiya ta ce wannan lallashi ne kawai. Dole a ga haƙorin, dole kuma a riƙa goge sauran, in ba haka ba ciwon zai dawo, kuma in ruwa ya taru a ƙarƙashi abin ba na wasa ba ne. In ta ci gaba da ƙi, sai dai a kai ta Kano a danne ta ko a sa ta barci. Ni kuwa ba na son a danne marainiya a garin da ba ta jin abin da ake faɗa.

Babanka ya aiko da asuwaki, wai in riƙa yi a gabanta. Na yi har dasashina ya yi jini. Tana kallona kamar mai kallon mahaukaciya.

Ga abin da nake so. Ka rubuto mini da Farisanci, da baƙaƙen boko, yadda abin yake fita daga baki: buɗe bakinki, a goge haƙori, tofar, kurkure, yana ciwo? Sai kuma abin da ake ce wa yaro in ya yi abin kirki. Ba “ina kwana” nake nema ba, ba zuwa kasuwar Iran zan yi ba. Wadda ta sa yaran ƙauyukan Karaye suka iya karatu ba za ta kasa jimla biyar ba.

Kuma ka ajiye kunyar 'yar fari a gefe, takarda ce ba zaure ba. Ranar da ka kawo ta ko sunanta ba ka kama ba, ka dire jaka ka ce “ga ta nan”, ka bi bayan ubanka. Ka gaya mini yadda ake goge mata baki a gida: wa ke yi, a ina, da wane lokaci.

Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da kai lafiya.

Gwaggonka,
Laure.

*

Isfahan.
Zuwa ga Gwaggo Laure.

Assalamu alaikum, Gwaggo. Na gaishe ki da girmamawa. Ya gida, ya ƙoƙari da yarinya? Allah ya saka da alheri, ya biya ki da gidan Aljanna. Na karanta takardarki a ɗakin gwaji, sai da na fita waje na ɗan tsaya kafin in iya komawa aiki.

Ga abin da kika tambaya. Haƙori sunansa dandan, amma a gida dandun ake cewa. Burushi mesvak. Harafin v na tsakiyar nan babu shi a Hausa, ana ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ne. In ya ƙi, ki ce miswak, za ta gane. Buɗe bakinki: dahaneto baz kon. A goge haƙori: mesvak bezanim. Tofar: tof kon. Kurkure: dahaneto beshur. Yana ciwo: dard mikone, ki ɗaga murya a ƙarshe kamar mai tambaya. In ta yi abin kirki: afarin. Na ƙara miki guda ɗaya, yavash, wato a hankali, don tana yawan faɗar ta. Ke kuma in ta kira ki amme, gwaggo ke nan.

Yadda ake yi kuwa, uwarta ce take yi, ni ban taɓa yi ba. Da safe bayan karin kumallo da kuma bayan abincin dare. Takan zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa, yarinyar ta kwanta ta ɗora kai a cinyarta, fuska sama. Makilin kaɗan take sawa, kamar ƙwayar shinkafa. In an gama su je su tofar tare. Burushin jan nan uwar ce ta saya mata.

Gwaggo, ba na son saɓa wa Baba. Abin da ya yanke na karɓa. Amma wannan magani ne, ina ganin ba laifi. Sauran magana sai na dawo, aikin ya kusa ƙarewa in sha Allahu.

A shafa mini kanta.

Ɗanki,
Mansur.

*

Karaye.
Zuwa ga Mansur.

Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso, na gode.

Kai, wannan yare naku! Na liƙa takardar a jikin turmi, ina matsar mai ina bita. Dahaneto ta zauna da wuri. Beshur ma ba laifi. Amma harafin nan na cizon leɓe ya wahalar da ni, ka manta gwaggonka haƙoran sama biyu sun tafi? Saude maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, “Malama, sabon wuridi aka ba ki?” Na ce mata shigo, kin zo a daidai.

Na zauna a tabarma na miƙe ƙafa, na ce ta kwanta ta ɗora kai a cinyata. Ka san Saude, buhu guda ce, ƙafata har yanzu ba ta dawo daidai ba. Na ce, “Dahaneto baz kon.” Ta ce, “Me?” Na ce, “Buɗe bakin, ke!” Ta wangale shi. Na goga mata asuwakin babanka, na ce tof kon, ta tofar, na ce afarin. Muna ta dariya. Ina ɗaga kai sai na ga 'yarka a bakin ƙofar ɗaki, ta tsaya cak.

Saude na fita, na zauna yadda nake, ban motsa ba. Na dafa cinyata na ce, “Munawwara, mesvak bezanim.” Ta tako a hankali har gabana. Ta sa yatsa ta taɓa leɓena, kamar tana so ta ga daga ina maganar ta fito. Na nuna kuncinta na ce, “Dard mikone?” Ta gyaɗa kai. Tun zuwanta wannan ce tambaya ta farko da na yi mata ta amsa.

Sai na yi gaggawa, halina. Na ce, “Dahaneto baz kon,” na miƙa hannu ga burushin. Ta ja da baya ta ɓoye shi, ta yi magana. Ashe muryarta siririya ce, ban sani ba. Na sake faɗa, ta sake ba ni amsa iri ɗaya. Da yamma ma haka, washegari ma haka. Ba ta fushi, ba ta kuka, faɗa mini kawai take yi kamar mai yi wa babba bayani. Na haddace abin kamar hadda, ga shi yadda kunnena ya ɗauka:

Na, maman miyad mizane.

Na ji kamar da sunan uwa a ciki, amma ba zan yi wa yaren mutane fassarar kaina ba. Ka gaya mini ma'anarsa. Bakin dai har yanzu a rufe yake, maganin Radiya kuma ya kusa ƙarewa.

Ka kula da kanka, ka riƙa cin abinci.

Gwaggonka,
Laure.

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.
Daga Falalu zuwa ga Laure.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa.

Labari ya iso mini cewa gidanki ya zama makarantar Farisanci, har da ɗalibai daga maƙwabta. Mata suna yi da ke a wajen suna a Gwangwan, har suna kwaikwayonki. Ba sai na tambaya wa ya koya miki ba.

Na hana abu ta ƙofa, kin shigo da shi ta taga. Ba ki yi ƙarya ba, na sani, amma kin san nufina. Yanzu kin mayar da yarinya ga abin da ake raba ta da shi, duk wahalar da ta sha ta tashi a banza.

Tunda riƙon ya fi ƙarfinki, ranar kasuwa mai zuwa ina tafe da kaina. Ki haɗa mata kayanta. Za ta zauna a Ruwan Bago cikin yara, inda ba mai ce mata komai sai da Hausa. Haƙorin kuma in na Kano ne, a kai ta Kano.

Ban yi fushi da ke ba, amma ba na magana biyu.

Wassalam.

*

Isfahan.
Zuwa ga Gwaggo.

Assalamu alaikum, Gwaggo. Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, na rubuta na yaga ya fi a ƙirga.

Kin ji daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ma'anarsa: “A'a, Mama za ta zo ta goge mini.”

Ranar da za a kai Nasrin asibiti, da safe ne, tana zaune a bakin gado ana sa mata takalmi. Yarinyar ta zo da burushinta kamar kullum. Uwar ba ta da ƙarfin zama a ƙasa, sai ta ce mata, “Riƙe shi, in na dawo zan goge miki.” Ban ɗauki maganar da nauyi ba, sai da na karanta takardarki ta dawo mini.

Gwaggo, ba ta san uwarta ta rasu ba. Na yi yadda muke yi a gida. Lokacin da Inna ta rasu ina ƙarami, ce mini aka yi ta yi tafiya, na gane da kaina daga baya, a bakin yara. To ni ma na ce mata Mama tana asibiti, za mu je wajen kaka kafin ta warke. Na ɗauka in ta kama Hausa za ta ji a bakin mutane, abin ya zo mata da sauƙi. A jirgi ta tambaye ni ko Mama ta san hanyar Najeriya, na ce ta sani.

Ban san abin yi ba. Ba zan iya tunkarar Baba da wannan ba. In kin ga ya dace, sai in rubuto miki yadda ake faɗa da Farisanci, gajeriyar jimla ce, ba ta kai waɗanda kika koya wuya ba.

Ki yafe mini nauyin da na ɗora miki.

Ɗanki,
Mansur.

*

Karaye.
Zuwa ga Yayana Malam.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin in fara, don yau ba zan tauna magana ba.

Na ga takardarka. Gaskiya ne, na koyi Farisanci, jimla shida da 'yan kai, duk na goge baki. Matan Gwangwan su yi ta dariya, Allah ya ƙara musu lafiyar haƙora. Da jimlolin nan jikarka ta yi magana. Ka san abin da ta ce? Ta ce kar in goge mata, uwarta za ta zo ta goge. Ranar da aka tafi da uwar asibiti ta ce mata ta riƙe burushin sai ta dawo. Ɗanka bai gaya mata an yi rasuwa ba. Mu kuma duk wanda ya shigo gidan nan ya yi mata ta'aziyya da Hausa, ya shafa kanta, ya ba ta alawa. Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ba taurin kai take yi ba, Yaya, alkawari take riƙewa, haƙorin yana ruɓewa tana jira.

Ka ce yaye. To ni ma na san yaye, na yi shi ya fi sau goma. Yaron da aka kawo mini yaye, uwarsa tana gida da ranta. Ya yi kukansa, ya haƙura, in kwanaki sun cika in goya shi da 'yar kazarsa in mayar wa uwarsa. Wannan in ta gama kukan wa zan mayar wa? Kuma ko yaron yaye ana ce masa nono ya yi ɗaci, a shafa masa maɗaci ya ɗanɗana da bakinsa. Ita ba wanda ya gaya mata komai.

Mansur ya ce zai rubuto mini yadda ake cewa “uwarki ta rasu”. Na ce ya riƙe abarsa. Ba zan gaya wa yarinya mutuwar uwarta da aron baki ba, ta tambaye ni ina aka kai ta, in tsaya ina ce mata tofar, kurkure. Ubanta ne zai faɗa, da muryarsa, ya tsaya ya amsa duk abin da ta tambaya. Shi kuma ba zai yi ba sai ka ce ya yi. Ka san ɗanka, kai ka rene shi haka.

Jikarka ce, in ka zo ɗaukarta ba zan tare ƙofa ba. Kayanta suna ɗaure. Amma ka sani a Ruwan Bago ma jiran za ta ci gaba da yi, sai dai can ba mai jin abin da take cewa. Ina son yarinyar nan, Yaya, ba na so a raba ni da ita. Na faɗa, ka yi yadda ka ga dama.

Allah ya huci zuciyarka, ya ƙara maka lafiya.

Ƙanwarka,
Laure.

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.
Daga Falalu zuwa ga ƙanwata Laure.

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ban san ba a gaya mata ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ki kwance kayan. Ina nan tafe ranar kasuwa kamar yadda na ce. Ki gaya wa ɗanki na ce ya kira bayan la'asar, ya faɗa mata gaskiya, kar ya kewaya. Ki sa wayar a caji. Ni zan riƙe yarinyar in yana magana.

Wassalam.

*

Karaye.
Zuwa ga Mansur.

Salamu alaikum. Ka san abin da ka faɗa mata, ni ban ji ba. Ga abin da ya faru bayan ka kashe waya.

Ba ta yi kuka nan take ba. Ta zauna a cinyar babanka tana jujjuya wayar. Can sai abin ya zo, ta yi ta yi har muryarta ta dushe. Babanka bai ce mata yi shiru ba, ya riƙe ta kawai. Bai koma Ruwan Bago ba sai washegari. Ya ce ka riƙa kira duk Juma'a.

Kwana biyu ban ce mata komai a kan baki ba. Jiya da safe bayan ta sha kunu, ina zaune a tabarma ina tsince gyaɗa, ta zo ta ture faifan, ta kwanta ta ɗora kai a cinyata, ta miƙo mini burushin. Ban ma kai ga faɗar jimlata ba ta buɗe.

Haƙorin turmi ɗaya ne na ƙasa ya yi kogo. Radiya ta gani, ta ce cire shi za a yi, ta rubuta mana takardar Kano. Na yarinta ne, wani zai fito. Sauran za su tsira in an kula.

Da na fara gogewa, na fara ta ƙasa. Sai ta kama hannuna ta mayar da shi sama, can ciki ta dama. Ashe ta nan uwarta take farawa. Yau ma ta nan na fara.

Gwaggonka,
Laure.